Ranar Da Na Tashi Tona Asirin Dokta Jamilu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Dutse ba, ko da kuwa tsufa zai kai ni ga manta sunayen jikokina. Har yau in hanya ta bi da ni ta gaban zauren da abin ya faru, sai in ji ƙafata ta ƙara sauri da kanta.

Ni likita ne, ɗan Garki, kuma ɓangarena shi ne matsalolin fitsari na maza. Mafi yawan masu zuwa wurina dattawa ne waɗanda furostet ya sa a gaba. (Ga wanda bai sani ba, wani ɗan ƙullutun nama ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Yana zaune lafiya lau har sai furfura ta fara bayyana, sannan ya kumbura ya matse hanyar fitsari, wani lokaci ma ya rikiɗe ya zama ciwon daji.) Ina duba marasa lafiya, ina kuma koyar da ɗaliban likitanci. Duk wanda yake koyarwa a irin wurinmu ya san ƙa'idar: in an zo ƙarin girma, ba a tambayar mutum nawa ka yi wa magani, maƙalun da ka buga a mujallun bincike ake ƙirgawa. Bayan maƙalun kuma akwai abin da ya fi su cin rai, wato ambato: sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinka a cikin nasu. Akwai shafi a intanet da yake ƙirga wa kowa nasa a fili, kamar an manna sakamakon jarabawa a bango.

Nawa biyu ne. Kuma duka biyun ni na ambaci kaina.

Na Jamilu kuwa, tun ina iya riƙe adadin a ka har ya fi ƙarfina. Jamilu ɗan Ringim ne, babansa mai lambu. Shekara uku na ba shi a makarantar likitanci, shi ya sa har gobe Siniya yake kirana. Ni na koya masa sa robar fitsari, tun bai san yadda ake riƙe ta ba. Yaron da na sani ke nan. Sai ga shi ya dawo daga ƙaro karatu ya shiga rubuce-rubuce a kan furostet, yau a wannan mujalla, gobe a waccan. Mutanen da ba su san inda Jigawa take a taswira ba suna ambaton sunansa. Gidan rediyo kuma suka gano shi, duk ranar da za a yi maganar lafiyar maza, muryarsa za ka ji.

Gaskiya ɗaya ce, bai taɓa yi mini komai ba. Wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Da yana da girman kai, da na samu abin riƙewa. Amma in mun haɗu a baranda sai ya rusuna, ya ce, "Siniya, an tashi lafiya? Ya iyali?" Ni kuma in amsa da fara'a, in wuce ina cewa a raina, ji munafuki.

Na ɗauki wata ɗabi'a da nake jin kunyar faɗa. Kullum in na dawo daga sallar asuba, kafin a kawo koko, sai in buɗe shafin nan a waya. Ba nawa ba, nawa ai na san ba ya motsi. Nasa nake buɗewa. In na ga lambar ta ƙaru, kokon ranar ba ya yi mini daɗi. Wata safiya matata ta leƙo ta kafaɗata ta ga hotonsa.

"Baban Hanifa, wai gaisuwa kake kai wa Jamilun nan kullum da sassafe?"

"Aiki nake dubawa."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na ji ana cewa hassada ga mai rabo taki ce."

Na ce mata ta kawo mini ƙosai ta bar abin da ba ta sani ba.

Abin dariyar, duk wannan bibiya da nake yi, ban taɓa karanta maƙalarsa ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Taƙaitaccen bayanin da ake sawa a sama kawai nake dubawa, in yi tsaki, in rufe. (Na gaya wa kaina wai ba ni da lokaci. Amma ina da lokacin ƙirga masa lamba kullum.)

Abin da ya ƙarasa tunzura ni shi ne maganar Baffa Malam. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, yana da makarantar allo a Garki kuma shi ke jan sallah a masallacin unguwarsu. Wata rana ina zagayen marasa lafiya a asibiti, sai na hango shi a kwance a gadon ƙarshe, an sa masa roba. Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe fitsari ne ya riƙe masa kwana biyu, da abin ya yi tsanani ya ce wa 'ya'yansa su kawo shi Dutse, amma wurin "yaron nan na Ringim da ke magana a rediyo". Har Jamilu ya duba shi, ya sa ranar aiki, ni ban sani ba.

"Baffa, ina cikin garin nan, aikina ke nan, a ce sai dai in tsince ka a gado?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Likita, ka yi haƙuri. Ai duk ɗaya ne."

A wurina ba ɗaya ba ne. Aiki ya yi kyau, Baffa ya warke ya koma gida, kowa yana sa wa Jamilu albarka, ni ma na sa da baki. Amma na ƙulla.

Ba a fi wata biyu ba aka ce za a buɗe sabon sashe na lafiyar maza, kuma ana neman wanda zai shugabance shi. Mu biyu ne a layi. Ni na fi shekaru, shi ya fi takardu. A daidai lokacin aka shirya taron ƙara wa juna sani, aka ce Jamilu zai gabatar da bayani a kan abin da ke sa dattawa jinkirin zuwa asibiti. Saboda an gayyaci hakimai da limamai da wasu waɗanda aka yi wa magani, aka ce da Hausa za a yi. Waɗanda za su zaɓi shugaban sashen kuma duk za su halarta.

Na ce to, ga dama ta samu.

Na kwashe mako biyu ina tsintar laifi a taƙaitattun bayanansa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Daga ƙarshe na ci karo da wata magana da yake yawan maimaitawa: wai a karkararmu ba rashin kuɗi ne kawai ke hana dattijo zuwa asibiti ba, kunya da tsoron roba sun fi ƙarfi. Wai mutum yana ganin in aka rataya masa roba tsarkinsa ya tafi, ba zai iya shiga sahu ba, gara ya daure a gida. A can ƙasan zuciyata maganar ta yi mini kama da wadda na taɓa sani. Sai na ce ai a rediyo na ji shi yana faɗa. Na rubuta tambayata a takarda, na haddace, har na gwada ta a gaban madubi, da inda zan ɗan dakata in kalli jama'a.

Ranar Laraba na sa farar shaddata ta Juma'a, na kafa hula, na zauna a layi na uku inda kowa zai gan ni. Zaure ya cika. Farfesan da ke shugabantar taron, dattijo mai ƙarancin magana wanda ya koyar da mu duka, yana kan babban teburi. Ɗalibaina suna baya. A gefe, cikin limamai, na hango rawanin Baffa Malam. Na ɗan ji wani iri, amma sai na ce gara ma, ya ga wanda ya fifita a kaina.

Jamilu ya yi bayani na kusan minti arba'in, yana nuna hotuna a majigi. Ba zan yi ƙarya ba, ya iya magana. Limamai suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa tambayata kawai nake ta maimaitawa a raina. Da aka ce lokacin tambayoyi ya yi, kafin Farfesa ya rufe baki hannuna yana sama.

Aka miƙo mini makirfo. Na gyara murya, na yi sallama, na gaida manya ɗaya bayan ɗaya, don abin ya yi armashi.

"Ina taya ƙanena murna," na ce. "Ya yi ƙoƙari daidai gwargwado. Amma bincike ba daɗin baki ba ne. Ka ce mana kunya da tsoron roba ne ke hana iyayenmu zuwa asibiti. Ni ɗan ƙauye ne, na san talauci ne, ba wani abu ba. Ina so ka gaya wa wannan taro, ina ka samo wannan magana?"

Jamilu ya kalle ni, ya kalli kwamfutarsa, ya sake kallona. Na ga fuskarsa ta canja. Na ce a raina, na kama shi.

"Siniya," ya ce a hankali, "ko za mu tattauna wannan bayan an tashi?"

Jama'a, da ina da rabon tsira, nan ne ƙofar. A buɗe take, shi ya buɗe mini da hannunsa. Amma sai na ji kamar an zuba mini fetur.

"A'a! A gaban jama'a ka faɗa, a gaban jama'a za ka kawo hujja. In daga wani wuri ka kwaso, ka faɗa mana. Domin ni a ganina duk wanda ya fara rubuta wannan magana bai taɓa zama a tabarma ɗaya da manomi ba. A ofis ya zauna ƙarƙashin fanka ya ƙirƙiro ta. Irin binciken da ake yi don neman ƙarin girma ke nan, ba don Allah ba."

Na dakata a daidai wurin da na gwada a madubi. Na kalli jama'a. 

Farfesa ya ce, "Dokta Jamilu, a nuna masa."

Jamilu ya matsa gaban kwamfutarsa, kamar wanda aka ce ya yanka akuyar da ya kiwata. Sannan ya danna, majigi ya wuce zuwa shafin ƙarshe, inda ake jera manazarta, wato ayyukan da aka dogara da su. Ya ƙara girman layin farko har ya cika bango.

Na fara karantawa. Maƙala ce a kan dattawan yankin Buji. Na ce a raina, Buji kuma? Na karanta sunan mujallar, wata 'yar ƙarama da ta daɗe da daina fitowa.  Na kai ga sunan marubucin. An haɗa sunan mahaifina da na garinmu, aka mayar da su sunan mutum ɗaya, aka bar nawa harafi guda. Haka suka buga shi tun asali, na tuna na yi mita a lokacin, daga baya na watsar.

Tawa ce. Ni na rubuta ta.

Shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin ina sabon likita aka tura ni Buji. Ba wuta, ba abin yi da yamma, sai in ɗauki littafi in je majalisar dattawa a gindin dalbejiya mu yi ta hira. Abin da suka gaya mini na tattara na aika, aka buga. Tun ranar ban sake buɗe ta ba. Da shafin ƙirga ambato ya nuna mini ba wanda ya kula ta, sai na binne ta a raina kamar abin kunya. Ashe ana ambatonta, lambar ce take tafiya ga wani mutum da babu shi, mai sunan da mujalla ta ƙirƙira.

"Aikin Siniya ne," Jamilu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar shi ya yi laifin. "Daga ita na fara. Kusan duk abin da na rubuta sai na ambace ta. Na ɗauka ya sani."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Da ma sun yi, da na huta. Ina tsaye da makirfo a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye kaina. Farfesa ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya ce, ba ko murmushi:

"To, alhamdulillahi, tunda marubucin yana tare da mu, sai ya warware mana. Dokta, ka taɓa zama a tabarma ɗaya da manomi, ko kuwa ƙarƙashin fanka aka yi aikin?"

Nan zaure ya fashe. Hakimai suna rufe baki da gefen rawani. Wani likitan ƙashi da ke kusa da ni har da dukan kujera. Ɗalibaina, waɗanda nake kora daga aji in sun makara, suna kwance a kan juna a baya. Na buɗe baki don in ce wani abu, abin da ya fito shi ne, "Lokacin babu wuta a Buji." (Har yau ban san me nake nufi ba. Ina jin fankar nake so in musanta.) Wannan ya ƙara wa wutar itace.

Na zauna. Na ɗauka an gama. Sai na ga rawani ya miƙe daga cikin limamai.

Baffa Malam bai karɓi makirfo ba, muryar mai jan sallah ba ta buƙata. Ya ce, "Ni ban san boko ba, amma ina da shaida. Wannan da ya yi tambaya ɗana ne, a hannuna ya tashi. Likitan wannan ciwo ne, in na je wurinsa ko kwabo ba zai karɓa ba. Amma shekara guda ina fama na ɓoye masa. To kun ga ba kuɗi ba ne. Ina tsoron a sa mini roba in kasa wucewa gaba in ja mutane sallah. Kuma ta yaya zan tuɓe a gaban yaron da na yi wa wanka?" Ya juyo inda nake. "Abin da ka rubuta gaskiya ne, Likita. Kar ka ƙaryata shi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma shi ya fi zafi. Wata biyu ina ƙullace da tsohon nan, ina cewa ya raina ilimina. Ashe dalilinsa yana rubuce a cikin takardar da na rubuta da hannuna.

Ban san yadda aka rufe taro ba. An raba lemo da abinci a leda, ni na sulale ta ƙofar gefe, na shiga mota na zauna ban kunna ba. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa gilas. Jamilu ne, riƙe da ledar abinci biyu.

"Siniya, ka bar naka."

Na sauke gilas. Na so in ba shi haƙuri, amma girman kai bai gama mutuwa ba, sai na ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Na gaya maka. Sau biyu na turo maka saƙo in ce mu koma Buji tare mu ƙarasa aikin. Ba ka amsa ba."

Gaskiya ne. Na ga saƙonnin. Da na ga sunansa a sama, ban buɗe ba.

A gida labari ya riga ni isa, kamar yadda ya saba a Dutse. Matata ta ajiye mini ruwa, ta zauna, ta yi ta kallon bango tana cije leɓe. Na ce ta yi dariyarta ta huta. Ta yi kuwa, har da hawaye. Da ta gama ta ce, "Amma fa ka ga, ashe kai ma malami ne. Ni ban taɓa jin wanda ya ci mutuncin kansa da Hausa mai kyau haka ba."

Shugabancin sashe Jamilu aka ba, kuma ko ni ne a kwamitin shi zan ba. Ranar Juma'ar da ta biyo na tafi Garki na durƙusa gaban Baffa Malam. Bai bar ni na gama ba, ya ce in tashi, ya tambaye ni ko ya halatta mai roba ya yi limanci, don akwai wani abokinsa da ke ɓoye irin ciwon. Muka zauna, shi da littattafansa na fiƙihu, ni da abin da na sani, har la'asar. Sati na gaba ya kawo mini abokin nasa da kansa.

Jamilu ya rubuta wa masu shafin aka gyara sunana, lambata ta ɗan tashi daga inda ta daɗe a kwance. Mun koma Buji tare, wasu daga cikin dattawan sun rasu, wasu sun gane ni. Kada ku ɗauka na zama waliyyi. Har yanzu in na ji muryarsa a rediyo, wani abu yakan ɗan motsa a ƙirjina, sai in yi a'uziyya in ƙara murya. Ɗalibai kuma sun laƙa mini suna, Dokta Manazarta, suna tsammanin ban sani ba.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ni nawa mako biyu na yi ina haƙa, har da gyaran baki, na sa farar shadda na faɗa ciki a gaban hakimai. Don haka ga shawarar da nake ba duk mai shirin miƙewa a taro ya kira wani jahili: ka daure ka karanta har shafin ƙarshe tukuna. Wataƙila jahilin da kake nema, tare kuka zo a riga ɗaya.